Yoshihiro Tatsumi da Laifin Raina Littafin Haya

A Kazaure, kamar a Babura da Roni da Gwiwa, shagon cajin waya ya zama ɗakin karatun matasan zamani. A nan ake tura fina-finai da waƙoƙi cikin waya a kan kuɗi kaɗan, kuma cikin abin da ake turawa har da zane-zanen Japan masu motsi. Yaron da bai taɓa wuce Ɗambatta ba zai iya zayyana tarihin Naruto tun daga haihuwarsa, ya kuma tayar da jijiyar wuya a kan ko Goku ya fi shi ƙarfi. Manya kuwa in sun leƙa, hukunci ɗaya suke yankewa: katun ne, wasan yara ne. Yaran da manyan duka ba su san sunan Yoshihiro Tatsumi ba, kuma ba za a ga laifinsu ba, tunda a Japan ɗin ma sunansa ya yi shekaru bai wuce bakin masana da 'yan tsirarun masoya ba. Sai dai yadda aka yi watsi da shi ya isa ya tayar da hankalin duk mai kishin adabin Hausa, domin kuskuren da aka yi a kansa ana tsakiyar yin irinsa a ƙasar Hausa.

An haifi Tatsumi a birnin Osaka a 1935. Yana ɗan shekara 10 Japan ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Biyu, ya tashi cikin kufai da talauci. Tun yana ɗalibi yake aika zanensa ga jaridu da mujallu, har ya sami ganawa da Osamu Tezuka, mutumin da Japanawa ke ɗauka uban manga, wato labarin da ake bayarwa cikin jerin zane. Amma ƙofar da ta buɗe wa Tatsumi ba ta manyan kamfanonin ɗab'i na Tokyo ba ce. Ta shagunan haya ya shigo.

A shekarun 1950 talakan Japan ba shi da kuɗin sayen littafi, sai dai ya karɓa haya ya dawo da shi washegari. Shagunan da ke wannan sana'a, waɗanda ake kira kashihon-ya, sun kai kimanin 30,000 a lokacin da kasuwarsu ta fi ci. Ƙananan kamfanoni irin Hinomaru Bunko na Osaka ke ɗora musu kaya, a kan takarda mai arha, da gaggawa, da ladan da bai taka kara ya karya ba. Masu karɓar hayar kuwa ba yara kaɗai ba ne. Da yawansu samari ne da 'yan mata da suka baro ƙauye suka shiga masana'antu, suna neman abin da za su karanta bayan an tashi daga aiki. A wannan kasuwa Tatsumi ya fitar da Kuroi Fubuki a 1956, yana da shekara 21, littafi mai shafi fiye da 100 da ya zana cikin kwana 20. Labarin fursunoni biyu ne da aka haɗa da ankwa ɗaya, suka tsere cikin guguwar dusar ƙanƙara bayan jirgin ƙasan da ke ɗauke da su ya yi haɗari.

Matsalar ita ce kalmar manga kanta tana ɗauke da ma'anar raha da wasa, kuma littafin da aka sa wa wannan suna ana jera shi ne a inda yara ke zaɓa. Iyaye da malamai sun harzuƙa da ganin kisa da jini a hannun 'ya'yansu. Tun a 1955 ƙungiyoyin iyaye suka ƙaddamar da gangamin korar abin da suka kira miyagun littattafai, aka tara manga a filayen makarantu aka cinna musu wuta, ayyukan Tezuka ma ba su tsira daga suka ba. Amsar Tatsumi ita ce ya raba gari da sunan. A 1957 ya ƙirƙiri kalmar gekiga, ma'ana zane mai ɗauke da nauyin wasan kwaikwayo, ya rubuta ta a kan wani gajeren labarinsa. A 1959 shi da abokan sana'arsa, cikinsu har da Takao Saito da Masahiko Matsumoto, suka kafa ƙungiyar Gekiga Kobo. Abin da suke faɗa a fili yake: zane na iya ba balagagge labarin rayuwarsa, kuma ba dole ne ya ba da dariya ba.

Wanda ke shakkar wannan da'awa sai ya duba gajerun labaran da Tatsumi ya zana daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970, lokacin da Japan ke alfahari da bunƙasar arzikinta. Shi bai zana masu arzikin ba. Ya zana mutumin da aikinsa shi ne danna fasinjoji cikin jirgin ƙasa don ƙofa ta rufe. Ya zana mai kwasar shara da ke jinyar tsohuwar mahaifiyarsa, zuciyarsa na raya masa ya rabu da ita don ya sami sararin aure. Ya zana ma'aikacin da inji ya cinye wa hannu, wanda ya kai birin da yake kiwo gidan namun daji don ya zauna cikin 'yan'uwansa, sai 'yan'uwan suka yayyaga shi a gaban idonsa. A wani labarin, mai ɗaukar hoto ya ga inuwar da bam ɗin Hiroshima ya toya a jikin bango, kamar ɗa yana yi wa uwa tausa. Hoton ya zama alamar zaman lafiya, sai daga baya ta bayyana cewa kisan kai ake tsakiyar yi lokacin da bam ɗin ya tashi. Mutanen Tatsumi ba su cika magana ba. Yakan bar shafi ya wuce babu kalma, sai fuska da hayaƙin masana'anta da cunkoson da ba wanda ya san wani. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan ci-rani daga Gwiwa ko Roni yana tura baro a Kano ko Legas zai gane wannan fuskar ba tare da tafinta ba.

To me ya sa aka manta da shi? Na farko, kasuwar da ta haife shi ta mutu. A 1959 manyan kamfanoni suka fara fitar da mujallun manga na mako-mako, talabijin ya shiga gidaje, shagunan haya suka yi ta rufewa. Littattafansu kuwa an buga su ne don su yi yawo daga hannu zuwa hannu har su yage, kuma ɗakunan karatu ba su ɗauke su abin adanawa ba. Na biyu, kalmar da ya ƙirƙira ta fi shi tashe. Abokinsa Saito ya fara Golgo 13 a 1968, labarin maharbi mai kisa don kuɗi, ya yi suna da dukiya, har jama'a suka riƙa danganta gekiga da shi. Tatsumi kuwa ya koma riƙe kantin tsofaffin littattafai a unguwar Jimbocho ta Tokyo. Tarihin rayuwarsa, Gekiga Hyoryu, mai shafi fiye da 800, ya shafe shekara fiye da 10 yana fitowa kashi-kashi a mujallar tallan hajar wani kamfanin sayar da tsofaffin manga.

Daga waje aka ɗaga shi. Wani mai zane Ba'amurke mai tushen Japan, Adrian Tomine, ya ci karo da wata tsohuwar fassarar labaransa tun yana matashi, bai kuma manta ba. Shi ya tsaya har kamfanin Drawn & Quarterly na Kanada ya fara buga ayyukan Tatsumi da Turanci a 2005. Bayan haka ne, a 2009, Japan ta ba shi babbar lambar yabo mai sunan Tezuka, yana da shekara 73, shekara 52 bayan ya ƙirƙiri gekiga. A 2010 ya ci lambar Eisner a Amurka, a 2011 Eric Khoo na Singafo ya kai fim ɗin rayuwarsa bikin Cannes na Faransa. Ya rasu a watan Maris na 2015. Wannan babban yabo na gida bai riske shi ba sai da ya rage masa shekara 6 a duniya.

Mai karatun da ya girma a arewa maso yammacin Jigawa ya riga ya ji inda maganar ta nufa. Daga tsakiyar shekarun 1980, ƙananan littattafan Hausa da marubuta ke bugawa da kuɗin aljihunsu suka cika kasuwannin Kano, suka bi hanyar Daura zuwa Kazaure, suka ratsa ta Ɗambatta zuwa Babura. Su ma ta haya suka fi yawo, daga teburin mai haya zuwa ƙarƙashin matashin amarya, zuwa akwatin ɗalibar makarantar kwana. Su ma an raina su. Sunan da aka laƙaba musu, Adabin Kasuwar Kano, da farko ba yabo ba ne, kuma ba banza ba wata ƙungiyar marubutan ta kira kanta Raina Kama. Su ma an ƙona su: a 2007, zamanin mulkin Malam Ibrahim Shekarau, an cinna wa littattafan Hausa wuta a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata ta Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Su ma daga waje aka fi ɗaukar su da muhimmanci. Jerin sunayen waɗanda suka fito daga 1987 zuwa 2002, wanda Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka tattara, a Jamus aka buga shi a 2004. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, sai a 2012 aka buga fassararsa ta Turanci, kuma wani kamfani ne a Chennai ta Indiya ya buga. Yanzu wayar hannu ta yi wa teburin haya abin da talabijin ya yi wa shagunan Osaka. Rubutu ya koma WhatsApp da YouTube, tsofaffin littattafan suna cikin buhuna a ɗakunan ajiya, gara da yoyon damina na rabon su.

Marubutan ma da sauƙi, tunda sunan Ado Ahmad Gidan Dabino da na Bilkisu Funtua sun zauna. Masu zanen fa? Bangon littattafan farko da yawa da hannu aka zana su, kuma wannan zanen ne ke fara jan idon mai haya. A tambayi wanda ya karanta ɗari daga cikinsu sunan mai zane ɗaya, da wuya ya amsa. Haka masu zanen jikin manyan motoci da allunan shagunan aski da na masu magani. Idan akwai wani Tatsumi a cikinsu, babu hanyar sani, domin ba wanda ya rubuta sunansa.

Masu raini suna da hujjoji, kuma bai dace a wuce su ba. Suna cewa yawancin waɗannan littattafai shirme ne. Gaskiya ne, kuma haka yawancin manga na haya suke. Amma tsintar na ƙwarai aiki ne da ake yi bayan an adana, wanda ya ƙona buhu bai tantance komai ba. Suna cewa akwai batsa da ɓata tarbiyya. A wasu akwai, kuma labaran Tatsumi kansu suna da abin da bai dace a miƙa wa yaro ba. Shi ya sa ya nemi a raba na manya da na yara, wanda ya fi ashana hikima. Akwai kuma masu ƙyamar zanen mai rai bisa dalilin addini. Wannan matsaya ce ta malamai mai tushe, kuma mai riƙe da ita da gaske ya cancanci girmamawa. Sai dai mafi yawan masu cewa katun wasan yara ne ba daga nan suka taso ba, domin su ne ke tura wa juna zanen Mustapha Bulama na Daily Trust duk ranar da ya faɗi abin da sharhi mai shafi guda ya kasa faɗa. Abin da suke rainawa shi ne arha, da talakan da ke karantawa, da macen da ke rubutawa.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu tana Kazaure, Jami'ar Tarayya tana Dutse, Jami'ar Sule Lamido tana Kafin Hausa. Kowace tana da ɗakin karatu da ɗaliban da ke neman batun bincike kowace shekara. Ragowar kayan tsohon mai haya a Kazaure ko Babura ba za ta kai kuɗin walimar taron bita ɗaya ba. A saye su, a ɗauki hoton kowane bango da kowane shafi, a rubuta shekara da wurin bugu. A nemi maɗaba'un da suka buga su a tambaye su wa ya zana, a je a sami mutumin in yana raye, a naɗi maganarsa. Malaman Hausa na sakandare a Roni da Gwiwa su san cewa yaron da ke cika bayan littafin lissafinsa da fuskar Naruto yana koyon wata sana'a ce mai tarihi, su nuna masa cewa kasuwar garinsu ma abin zanawa ce.

Tatsumi ya ci sa'a biyu: ya yi tsawon rai, kuma wani matashi a wata nahiya ya tsinci littafinsa. Mai zanen bangon littafin da aka karanta a Kazaure a 1993 ba shi da tabbacin ko ɗaya. Idan aka jira sai wani daga Landan ko Chennai ya zo tambayar sunansa, abin da za a yi a ranar sunansa ihu bayan hari.