Titin Yamai na kowa ne, har da mai ƙwaryar nono

 Yau maganarmu a kan zirga-zirga ce cikin birnin Yamai. Kada wani ya ce wannan zancen 'yan birni ne, domin nonon da ake sha a Yamai da naman da ake ci, sai sun bi titi kafin su kai bakin mai ci.

Ba a musun cewa an yi aiki. Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, ita kaɗai ce ta haɗa birnin da Harobanda har zuwa 2011, lokacin da aka samu ta biyu, ta uku kuma ta zo a 2021. An gina gadar sama ta Mali Bero a 2013 da ta Diori Hamani a 2018. To amma mu tambayi kanmu: wa aka fi yi wa waɗannan ayyuka? Mai motar kansa. Alhali kuwa yawancin talakawa a ƙafa suke tafiya, ko su shiga faba-faba, ko su hau kabu-kabu.

Ku dubi matan da ke shigo da nono daga rugagen bayan gari. Nono ba ya jiran kowa, in rana ta ɗaga ya fara tsami. Ɗan tasi ya kan ƙi ɗaukar mace da ƙwarya ko jarka, in ya yarda kuwa sai ya ninka kuɗi saboda nisa da kaya, ribar yini ta ƙare a hanya. Haka makaho da gurgu da tsoho da mai ciki suke tsayuwa bakin kwalta, babu wurin tsallakawa, babu inuwa. Shi kuma mai kora dabbobi zuwa kasuwar Turaku ko mayanka, sai ya kutsa tsakanin motoci, in aka buge tunkiya a ce laifinsa ne.

Yanzu hukumomi suna ta zancen rage hayaƙi da tsadar mai. Madalla. Sai dai a sani, ƙafa da keke da amalanken jaki ba su shan mai, ba su fitar da hayaƙi. Duk tsarin da zai kore su daga titi da sunan gyaran birni, ya hukunta wanda bai ɓata iska ba, ya saka wa wanda ya ɓata. Mu tuna kuma da layin dogo na Yamai zuwa Dosso da aka ƙaddamar a 2016, wanda bai zama hanyar sufurin yau da kullum ba. Babban aiki ba shi ne mai amfani ba, sai in an fara tambayar masu tafiyar.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatar magajin gari da abu huɗu. A sa motocin bas masu tashi da asuba daga unguwannin gefe, da wurin ajiye kaya, da kuɗi tsayayye wanda kowa ya sani. A yi wa kowane sabon titi hanyar ƙafa da wurin tsallakawa, da matakin da keken guragu zai iya hawa. A shata burtali zuwa Turaku da mayanka, a sa masa lokaci. Sannan a zauna da ƙungiyoyin makiyaya da na naƙasassu kafin a zana hanya, ba bayan an zuba kwalta ba.

Dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa kai da kawo haƙƙin makiyayi ne. Haƙƙin nan bai kamata ya tsaya a ƙofar birni ba. Amma kowa ya yi shiru, an raba ba da shi. Shugabannin rassa da sarakunan kasuwa, ku rubuta koke, ku kai shi da hannunku, ku koma ku tambayi inda aka kwana. Allah ya ba mu damina mai albarka.