Amina ta shiga wasan bidiyo, to wa zai zana Gobir?

Da la'asar, in ka biya ta rumfar mai cajin salula a Sae Sabuwa ko a Gidan Rumji, da wuya ka rasa samari uku ko huɗu sun haɗa kai a kan waya guda, ana buga Free Fire ko ƙwallo. Iyaye na ƙorafin ɓata lokaci da kuɗin intanet, kuma da gaskiyarsu. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba: hotunan da yaran nan ke kallo kullum, wa ya zana su, kuma a ina ya ga abin da ya zana?

Tambayar ta shafe mu kai tsaye yanzu. Ranar 11 ga Fabrairun 2025 kamfanin Firaxis na Amurka ya fitar da Civilization VII, kuma cikin shugabannin da mai wasa zai iya zaɓa har da Sarauniya Amina ta Zazzau. Kafin nan, a watan Agustan 2021, an ƙara wa wasan Age of Empires III wani sashe mai suna The African Royals, wanda ya shigo da Hausawa da Habashawa. Akwai mahayin lifidi, akwai Maigadi, akwai maharbin Fulani, in ka danna su da Hausa suke amsa maka. Duk wanda ya tuna yadda Resident Evil 5 ya nuna Afirka a 2009, garin ƙura da mutanen da cuta ta haukata, ya san an yi nisa.

Sai dai a dubi yadda ake aikin. Wasan bidiyo ba daga masu rubuta umarnin kwamfuta yake farawa ba, daga takarda da fensir yake farawa. Mai zane na tara hotuna da yawa na abin da aka ce ya zana, ya yi ta gwaji har a tsai da siffa guda. Abu na farko da ake dubawa shi ne inuwar siffar: in aka shafe ta da baƙi, za a gane mahayi ne ko maharbi, ko da bai fi ƙwayar wake ba a gilashin waya? Daga nan a zaɓi launuka, a gina jikin a kwamfuta, a sa masa ƙasusuwan da za su motsa shi. Tafiya kawai, a wasa mai zanen hannu, kan ci zane takwas ko fiye. Babbar riga kuwa wahala ce ga masu wannan sana'a, don yadi mai faɗi yana shigewa cikin hannu da sirdi in ba a yi masa lissafi na musamman ba.

Ke nan, matakin farko ne ke yanke hukunci. Abin da mai zane ya samu a littafi da intanet, shi ne zai shiga wasa. Abin da bai samu ba, babu shi.

Nan ne matsalarmu take. A Age of Empires III babban birnin Hausawa Kano ne, jagorarsu Amina ta Zazzau, maroƙinsu kuma an kira shi griot, kalmar da muka koya a lakwal, ba a fada ba. Akwai ma fage guda da aka gina kan jihadin 1804, aka sa masa sunan da ke nufin faɗuwar Hausa. Ga mai karanta tarihi daga Sakkwato, labarin ya ƙare da cin Alƙalawa a 1808. Ga mutumin jihar Maraɗi, nan ne ya soma. Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya sun kafa sarautarsu a Maraɗi wajen 1819 ƙarƙashin Ɗan Kasawa, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Tsibiri da Sae Sabuwa gunduma ɗaya suke. Yaron da kakanninsa suka riƙe garkuwa a wannan ƙasa zai iya buga wasan da ke gaya masa an gama da su tun shekaru ɗari biyu da suka wuce. Ban ɗauka mugun nufi ne ba. Hotunan hawan sallar Kano sun cika intanet, na Tsibiri sai an tona.

Haka abin yake ga shimfiɗar ƙasa. In aka ce wa mai zane a Turai ya zana Sahel, rairayi zai zuba, da busasshen icce guda. Alhali wannan yanki ne duniya ta sani da sassaben zamani, inda manoma ke barin toho ya girma cikin gona. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna a kansa, kuma masu bincike sun ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawo mai zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, rumbunan hatsi a bayan gari, jar akuyar Maraɗi: duk mai neman abin da zai bambanta wasansa da na kowa, ga shi a ƙofar gida.

An taɓa gwadawa. A Yamai, Mahaman Sani Housseyni Issa na MOG Media Design ya fitar da Les Héros du Sahel, wanda kafafen labarai suka gabatar a matsayin wasan bidiyo na farko da aka ƙera a Nijar, da jaruminsa Shamsu mai samun ƙarfi daga rana. A Kamaru, Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da Aurion a 2016 bayan shekaru ana fama. A Legas, Maliyo Games ya kai ga yin aiki da Disney a 2024. Shi ne kuma ya yi Aboki Run, sunan da Bahaushen da ya zauna kudancin Najeriya zai ji da kunne biyu.

Kayan aiki sun yi sauƙi: Krita na zane, Blender na gina siffa, Godot na haɗa wasa, duka kyauta ne. Abin da bai yi sauƙi ba shi ne kuran. Wutar Maraɗi da Damagaram na biyowa ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma kowa ya tuna halin da aka shiga bayan Najeriya ta yanke ta a Agustan 2023. Ga matsalar katin banki na biya da karɓar kuɗi a kasuwannin intanet. Ga kuma iyayen da ke ƙyamar zanen abu mai rai saboda fahimtarsu ta addini, wanda ba da izgili ake amsa musu ba.

A ganina, Nijar ba za ta yi gasa da Firaxis ba nan kusa, kuma masu alkawarin haka a tarukan matasa suna sayar da mafarki ne. Abin da ke hannunmu shi ne matakin farko, wanda ya fi araha kuma ya fi tasiri. Masu ido muna da su: mai ɗinkin aska takwas, maginin da ke fitar da zane a bangon Birnin Damagaram, badukun da ke ƙawata sirdi, duk sun san daidaita siffa da launi. Abin da babu shi ne taskar hotuna a buɗe: lifidi daga gaba da baya da gefe, tambura, kwalkwali, rumbu, da sunan kowane abu da Hausa da garin da aka ɗauko shi. Gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai na da kaya, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi na da ɗalibai, fadojin Maraɗi da Tsibiri na da dattawan da suka san sunayen.

Abin na buƙatar hanzari, don manhajojin da ke ƙirƙiro hoto da kansu daga abin da ke intanet suke koyo, kuma masu zanen wasanni sun soma amfani da su wajen gwajin farko. Duk wanda ya ce su zana masa mayaƙin Gobir, daga hotunan da ke akwai za su haɗa masa, kuma yawancin waɗannan a Kano da Zariya aka ɗauke su.