RA'AYINMU: Araha Ba Ta Soke Ladabi

Duk wanda ya bi ta Sharaɗa ko Challawa ko Bompai da azahar, lokacin da masana'antu ke sakin ma'aikata su ci abinci, ya san irin cinkoson da ake yi a gidajen sayar da abinci. Abin yakan ƙazanta idan wani gida ya yi shelar rangwame, musamman a watan azumi da ake rububin buɗa baki. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kamar yadda kowa ya shaida, farashin abinci ya yi tashin gwauron zabi, saboda haka ba mu ga laifin mai neman sauƙi ba. Abin da ya dame mu shi ne halin da wasu ke nunawa a wurin.

Na farko, akwai masu buga waya su ce a ajiye musu tebur na mutum goma, sa'an nan su ƙi zuwa, ba kuwa tare da sun aiko da uzuri ba. Mai gida ya riga ya yi cefane, ya kuma mayar da wasu baya dominsu. Alkawari kaya ne. Wanda ya fasa zuwa ya faɗa da wuri.

Na biyu, akwai masu tsallake layi don suna taƙama da muƙami ko babbar mota. Leburan da ke jimar fata a Challawa hutunsa ƙididdigagge ne. In aka sha gabansa, ko dai ya koma aiki da yunwa, ko ya makara a yanke masa lada. Manyanmu suna tune da Yaƙi da Rashin Ɗa'a da gwamnatin Janar Buhari ta ƙaddamar a 1984, lokacin da sai da soja ya tsaya da bulala kafin a bi layi. Abin kunya ne a ce har yau sai da bulala.

Na uku, daka wa yaran da ke kawo abinci tsawa, da cika kwano fiye da cikin mutum don an ga araha, da kafa hira a kan kujera bayan an gama ci alhali wasu na tsaye, duk rashin tarbiyya ne.

Su ma masu gidajen abinci da nasu. Wanda ya yi shelar rangwame ya rubuta farashi da ranar ƙarewa ɓaro-ɓaro, kada ya rage mudu a ɓoye, kada kuma ya karɓi alkawarin da kujerunsa ba za su ɗauka ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta hana talla ta yaudara.

Muna kira ga ma'aikatan gwamnati da ɗalibai, da yake su ake kallo a matsayin masu ilmi, su zama na farko wajen bin layi da cika alkawari. Allah Ya sa mu gyara.