Manhajar torent: kafin ka tambayi gudunta, tambayi wa ke ci da ita

Duk inda matasanmu masu hulɗa da kwamfuta suka tayar da zancen manhajar torent, tambayar da ke fara fitowa ita ce wacce ta fi gudu. A ganina wannan tambaya ba ta kai mutum ko'ina. Wadda ya kamata a fara yi ita ce wa ya rubuta manhajar, kuma da me yake cin abinci. Manhajar torent ba irin sauran ba ce. Tana buɗe ƙofar kwamfutarka ga ɗaruruwan baƙi a lokaci guda, tana aiki dare da rana ko kana barci, saboda haka amanarta ta fi gudunta muhimmanci.

Wani Ba'amurke mai suna Bram Cohen ne ya ƙirƙiro tsarin BitTorrent a 2001. Kafin nan, idan mutum dubu suna son fayil ɗaya, dukansu kan yi cincirindo ne a kan uwar garke guda har ta gaza. Shi sai ya ce a yanyanka fayil ɗin gutsi-gutsi, duk wanda ya samu gutsure ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya karɓi wanda ya rasa. Kamar ɗalibai ne da littafi ɗaya tak a aji: kowa ya kwafi shafi guda, a yi ta musaya har kowa ya haɗa cikakken littafinsa. Kowane gutsure yana da hatiminsa na lissafi, manhaja tana dubawa, idan ya zo a lalace ta jefar ta sake nema. Shi ya sa idan aka ɗauke wuta ko sabis ya yanke kana tsakiyar sauke babban fayil, ba sai ka koma farko ba. Ga mutumin da ke zaune inda wuta ba ta da tabbas, wannan kaɗai ya isa dalilin sanin torent.

Daga nan za a gane cewa gudu ya dogara ne da yawan mutanen da ke riƙe da cikakken fayil suna rabawa, da kuma ƙarfin sabis ɗinka. Sauya manhaja ba ya ƙara maka masu rabawa. Hasali ma biyu daga cikin fitattun manhajojin, qBittorrent da Deluge, injin da ke cikinsu ɗaya ne, wato libtorrent na Arvid Norberg. Riga ce kawai ta bambanta.

Labarin µTorrent, wadda aka fi sani da uTorrent, shi ya sa nake nanata batun amana. Wani ɗan Suwidin, Ludvig Strigeus, ya fitar da ita a 2005. Ƙarama ce ƙwarai, ba ta da nauyi, tana tafiya lafiya a kan tsohuwar kwamfuta, duniya kuwa ta rungume ta. A ƙarshen 2006 kamfanin BitTorrent ya saye ta. Sannu a hankali tallace-tallace suka shigo cikinta, aka kuma riƙa cusa wasu manhajojin a cikin matakan girka ta, yadda mai gaggawar danna "na yarda" zai wayi gari da kayan da bai nema ba. A watan Maris na 2015 abin ya kai maƙura: masu amfani da ita suka gano an haɗo musu da wata manhaja mai suna Epic Scale, wadda ke amfani da ƙarfin kwamfutar mutum tana haƙo kuɗin kirifto. Kamfanin ya ce ba a girka wa kowa ba tare da yardarsa ba, masu ƙorafi da yawa suka ce ba su ga inda aka tambaye su ba. Ko wanne ne gaskiya, wutarsu da batirinsu da lafiyar na'urarsu aka ƙona don amfanin wani. A 2018 kuma Justin Sun, mai harkar kirifto ta TRON, ya sayi kamfanin ɗungurungum. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ya ba ka manhaja kyauta alhali yana da albashin ma'aikata a wuyansa, dole ya nemi inda zai fanshe, kuma a kanka zai fanshe.

Don haka abin da nake ba mai karatu shawara a kai shi ne manhajar da rubutun cikinta yake a buɗe, kowa na iya dubawa, babu talla, babu kamfanin da ke jiran riba. Ga mai Windows ko Linux, qBittorrent ce zaɓina. Wani Bafaranshe, Christophe Dumez, ya fara ta a 2006, yanzu 'yan sa-kai ne ke kula da ita, kuma wanda ya saba da uTorrent ba zai yi baƙunta a cikinta ba. Wanda ke son abu mai sauƙi, marar tarin maɓallai, ko mai kwamfutar da ta tsufa, Transmission ta ishe shi. Ga mai wayar Android akwai LibreTorrent, ita ma a buɗe take kuma ba talla.

Ban ce waɗannan ba su da aibi ba. A Maris na 2016 masu kutse sun shiga shafin Transmission kansa, suka musanya manhajar masu Mac da wata mai ɗauke da cutar KeRanger, wadda ke kulle fayilolin mutum sai ya biya fansar bitkoyin ɗaya. A 2018 Tavis Ormandy, mai binciken tsaro a Google, ya gano ɓaraka a Transmission da uTorrent baki ɗaya. Ita ma qBittorrent sai a 2024 aka toshe wata kafa da ta shafe kusan shekara 14 a cikinta, inda ba ta tantance takardar shaidar shafukan da take ɗauko wasu abubuwa daga gare su. Bambancin da nake gani shi ne waɗannan kurakurai ne ko hare-hare daga waje, aka gano aka gyara a bainar jama'a. Na Epic Scale kuwa shawara ce da masu manhajar suka zauna suka yanke. Darasin da ke ciki a aikace shi ne a riƙa sabunta manhaja. Al'adar nan tamu ta kai kwamfuta wajen mai gyara ya zuba mata manhajoji daga filashin da ya zaga kwamfutoci ɗari, wasunsu tun na shekaru goma baya, ita ce mafi haɗari. Ka je shafin masu manhajar da kanka, ka duba adireshin da kyau, domin akwai shafukan bogi masu kama da na gaske.

Sai batun da masu rubutu daga Turai ba su cika damuwa da shi ba, amma mu ya shafi aljihunmu. Torent karɓa ce da bayarwa. Kana saukewa tana ɗorawa, bayan ka gama ma tana ci gaba da ɗora wa wasu har sai ka tsayar da ita. A inda ake biyan intanet na wata ba iyaka, wannan ba komai ba ne. A nan kuwa da awo muke sayen data, kuma tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025 awon ya ƙara tsada. Mutum zai sauke fayil mai gigabait 2, ya bar manhaja a kunne ya kwanta, ya tashi ya tarar ta raba wa duniya ninkin haka daga datarsa. Saboda haka ranar da ka girka ta, shiga saiti ka ƙayyade gudun ɗorawa, ka sa ta tsaya idan ta bayar da gwargwadon abin da ta karɓa, ka hana ta tashi da kanta idan an kunna kwamfuta. A waya kuma ka sa ta yi aiki a kan Wi-Fi kawai. Manhajar da ba ta ba ka wannan iko a sarari, ajiye ta. Amma wanda Allah ya hore wa intanet marar iyaka, ya daure ya bar tasa a buɗe, domin da kowa zai karɓa ya rufe da tsarin ya mutu tuntuni.

A kuma sani cewa torent ba maɓoya ba ce. Duk wanda kuke musayar fayil ɗaya da shi yana ganin lambar adireshinka ta intanet, haka aka gina ta.

Wannan ya kawo ni ga abin da ba zan tsallake ba. Torent ba laifi ba ce, kamar yadda hukuncin da kotun Suwidin ta yanke wa mutum huɗu na shafin The Pirate Bay a 2009 bai hana kowa amfani da fasahar ba. Laifin yana ga abin da aka ɗauko da ita. Mu da muka ga yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifan Kannywood, furodusa ya ci bashi ya yi fim, kafin ya mayar da uwar kuɗi fim ɗin ya gama zaga wayoyi, bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta shafi abin da ake yaɗawa a intanet, kuma mai torent ba saukewa kaɗai yake yi ba, rabawa yake yi. Ban da doka ma, gumin masu aikin ne. Kuma fayilolin manhajojin sata da ake cewa an fasa musu makulli su ne babbar hanyar da ɓarayin lambobin sirri ke shiga kwamfutocin mutane.

Halal ɗin da ke cikinta kuwa yana da yawa. Ubuntu da Debian da LibreOffice duk suna raba kayansu ta torent da kansu. Internet Archive ta fara ba da littattafai da sautuka da tsofaffin fina-finai ta wannan hanya tun 2012. Wanda ya fi burge ni shi ne Kiwix, mai dunƙule Wikipedia gaba ɗaya cikin fayil guda da ake karantawa ba tare da intanet ba, har da ta Hausa. Ta Turanci mai hotuna ta kai kimanin gigabait 100, nauyin da saukewar yau da kullum kan yanke a hanya, torent kuwa za ta haɗa shi ko da a mako biyu ne. Malami ɗaya zai iya sauke ta a birni ya kai wa makarantar da ko sabis babu. Ina ganin ɗakunan karatu na jami'o'inmu, masu intanet mai ƙarfi, ya kamata kowanne ya ware kwamfuta guda da za ta riƙa raba irin waɗannan fayiloli dare da rana, musamman na harsunanmu, waɗanda masu riƙe da su ba su da yawa.