Marubucin Ci-rani Ba Marubucin Rabi Ba Ne

Akwai wata magana da nake yawan ji daga bakin masu sharhin adabi, wai wanda ya bar ƙasarsu ya koma rubutu da harshen wasu ya zama jemage, shi ba tsuntsu ba, shi ba dabba ba. Ban yarda ba, kuma hujjata 'yan Italiya ne da suka je ci-rani Amurka a farkon ƙarni na 20.

Ku dubi Pascal D'Angelo. Yaro ne makiyayi daga yankin Abruzzo, ya sauka Amurka a 1910, ya yi ta aikin diga da shebur a kan tituna da layin dogo. Da ƙamus ya koya wa kansa Turanci bayan an tashi daga aiki, har ya fitar da littafinsa Son of Italy a 1924. Ya mutu cikin talauci a 1932. Wa ya isa ya ba da labarin leburan da suka shimfiɗa titunan Amurka fiye da wanda kanta ta fito wa a tafin hannu?

Ga kuma Arturo Giovannitti. A yajin aikin ma'aikatan masaƙu na garin Lawrence a 1912 aka harbe wata ma'aikaciya, Anna LoPizzo, sai aka kama shi da Joseph Ettor aka ɗora musu alhakin jininta, alhali ba sa wurin. A kurkuku ya rubuta waƙarsa The Walker. Ya tsaya gaban kotu ya kare kansa da Turancin da aka raina masa, aka kuma wanke su.

Masu sukar suna cewa Turancin irin waɗannan mutane yana ɗingishi, kuma jigonsu kukan yunwa ne kawai. To, yaushe yunwa ta daina zama jigon adabi? Shi Emanuel Carnevali, da ya fara da wanke kwanuka a New York, ai har mataimakin edita ya zama a mujallar Poetry ta Chicago. Masu harshen ne da kansu suka ba shi kujerar.

Abin da ya cuci waɗannan marubuta shi ne rabon gado: Italiya ta ce sun zama na Amurka, Amurka ta ce baƙi ne, littattafansu suka yi shekaru suna shan ƙura. Mu ma sai mu yi hattara. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, a Kete-Krachi ta ƙasar Gana ya ƙare rayuwarsa yana rubuta waƙoƙi. Duk mai auna marubuci da iyakar ƙasa, sai ya gaya mana na wa ne shi.