"Muster" Ba Tarawa Kaɗai Ba Ce

Akwai wata kalmar Ingilishi da na ke so in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai a kanta, tun ba waɗanda za su fita koyarwa bana ba. Kalmar ita ce "muster". In an tambaye mu ma'anarta, yawancinmu sai mu ce "tara soja", mu yi shiru. Ni kuwa a ganina wannan rabin fassara ce, wanda ya koya wa yara ita haka ya ba su kube ne ya riƙe wuƙar.

Ga dalilina. Asalin kalmar daga Latin ne, harshen Rumawan dā, inda "monstrare" ke nufin a nuna abu. Faransawa suka gaje ta, har yau in za su ce nuna sai su ce "montrer". Bayan da Normawa suka ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a da na yaƙi, kalmominsa suka yi ta kwarara cikin Ingilishi. Wannan tamu ta bayyana a rubuce wajen ƙarni na 14. Ita da "demonstrate" uwarsu ɗaya. Watau tun daga tushe maganar nunawa ce, tarawa daga baya ta biyo.

To, me a ke nunawa? A 1285 Sarki Edward na Ɗaya ya kafa doka a Winchester, ya ce kowane namiji daga mai shekara 15 zuwa mai 60 ya ajiye makami a gidansa gwargwadon ƙarfin arzikinsa, a riƙa duba makaman nan sau biyu a shekara. A zamanin nan Ingila ba ta da rundunar da ke zaune a bariki kullum, tilas sarki ya so sanin mazaje nawa gare shi, baka nawa, doki nawa. Sai a fito da mutanen gari fili, kowa ya nuna abin da ya ke da shi. Takardar da a ke rubuta sunayen mayaƙa ita ce "muster roll". Wajen sojan albashi kuwa, waɗansu hafsoshi marasa tsoron Allah sukan bar sunayen matattu cikin takarda suna cin kuɗinsu, ran dubawa su yi hayar 'yan gari su cika sahu. Don haka aka naɗa ma'aikaci musamman, "muster-master", ba shi da aiki sai ƙirga da ido. Wanda ya san labarin ma'aikatan bogi a ƙasar nan ya ga cutar ba yau ta fara ba.

Yanzu a dubi "pass muster", watau an duba abu ba a sami aibi gare shi ba. Yaron da aka koya wa "tara" kaɗai ina zai sa kansa? Sai ya rubuta "wuce taro", ya faɗi. Na yarda akwai inda tarawa ta isa. In mutum ya yi "muster courage" ya tattara ƙarfin zuciyarsa ke nan, makiyayan Ostareliya kuma da kalmar nan su ke kiran tattaro shanu da tumaki daga daji, ko da ya ke su ma in sun tattaro sai sun ƙirga.

Wani zai ce lokacin darasi kaɗan ne, kuma Ingilishi aka aiko mu koyarwa, ba Latin ba. Gaskiya ne, amma bayanin nan bai fi minti biyu ba, misalinsa kuwa yana hannunmu. Gayya ba ita ba ce, gama mai gayya ba ya bin mutane yana duba fartanyarsu. Hawan salla ya fi kusa, inda hakimai ke wucewa gaban sarki da dawakinsu, ya ga wanda ya zo da irin shirin da ya yi. Mafi kusa duka shi ne abin da malami ke yi kowace safiya da rajista a hannu. Da ni ne, abin da zan rubuta a allo shi ne: a tara don a ƙirga, a duba.

Kada kuma a ce maganar jarrabawa ce kawai. A jiragen ruwa da masana'antu da manyan ofisoshi akan ga allo an rubuta "Muster Point". Nan a ke so kowa ya tsaya in gobara ta tashi, don a ƙirga a san wanda ya rage a ciki. Wanda ya ɗauka wurin taro ne kurum yana iya sulalewa gida abinsa, ya bar mutane suna nemansa cikin hayaƙi.