A Riƙa Sanar Da Mu Kafin Ƙura Ta Iso

Malam Edita,

Daga Kwaya nake rubuto maka. Duk hunturu ƙura takan taso daga kwarin Bodele na Cadi ta lulluɓe mu, ga hayaƙin ledar da ake ƙonawa a bola. Ranar da na kai mahaifiyata kasuwar Magarya cikin hazo, kwana ta yi tana tari. Ba mu manta da sanƙarau da ya addabi Dungas da Magarya a ƙarshen 2022 ba, kuma busasshiyar iska mai ƙura tana taimaka masa.

Masu hasashen yanayi suna hango ƙurar tun daga nesa. Don Allah gidajen rediyon karkara su riƙa faɗa mana da Hausa, da sassafe, domin tsofaffi da masu asma su zauna gida, a rufe wa yara hanci.

Wassalam,
Mai karatunku, daga Kwaya.